Yadda Za Ki Haɗa 'Yan Ƙwallon da Za Su Ci Jugu

"Inna, allura Baba yake nema?"

Tani ce ta yi tambayar, 'yata ta biyu, lokacin ko lakwal, wato makaranta, ba ta shiga ba. Kuma ba a ɗaka ta yi ta ba. A shagon babanta ta yi, shagon cike da masu kawo ɗinki, ni kuma na leƙo da kwanon abincin rana.

Na ce, "Wace allura kuma?"

"Wadda ta faɗi a filin ƙwallo. In Kaka Labbo ya taho da gudu sai Baba ya durƙusa yana duban ƙasa. Kullum ba ya ganinta, sai dai ƙwallon ta wuce ta kansa."

Keken ɗinki ya tsaya. Wani mai jiran wando ya kama tarin da babu shi. Maigidana, wanda masu ikon kiran sunansa ke ce wa Ashafa Tela, ya sunkuya ƙarƙashin keken, sai ki ce da gaske allurar yake nema.

'Yar'uwa, in ke ma Allah ya haɗa ki da miji mai tsaron gida a filin ƙwallo, ki aje tsintsiyar nan ki zauna. Sunana Tasalla. A Jugu aka haife ni, aure ya kawo ni Zongon Paraku. Ban taɓa buga ƙwallo ba. Ranar da ta faɗo tsakar gidanmu da muciya na kore ta. Amma ni ce na haɗa ekip ɗin, wato ƙungiyar ƙwallon, da ta ci Jugu a wasan bikin 'yancin kai, abin da mazan unguwarmu suka kasa tun da Faransawa suka sauke tutarsu. Ki bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari za ki ci. Abin da zai biyo bayan cin kuwa, za mu zo wurin.

Mataki na ɗaya: Ki san abin da kike nema

Ba kofi kike nema ba. Na ga kofin da idona, ko kunun yaro ɗaya ba zai ɗauka ba.

Yatsu kike nema. Guda goma, a miƙe, kowanne yana lanƙwasawa a inda Allah ya yi masa gaɓa. Gidanmu a kan yatsun nan yake zaune. Su ke zura zare, su ke riƙe almakashi, su ke kawo masarar da nake dakawa. Ƙwallon kuwa ta fata ce mai igiya a baki, in ta sha ruwan damina nauyinta ya kai na doya. Wasan kuma kullum ranar ɗaya ga Agusta ake yinsa, daidai lokacin da iyaye ke fara kawo yadin kaki don komawar yara lakwal. Kowace shekara maigida kan dawo da yatsa ɗaya ya zama rogo, kaki kuma a tule a kusurwa yana kallona.

Za ki ce, to ya bari mana. Haka ni ma na ce. Ashe shekarar da Jugu ta zuba mana har mai ƙirge ya gaji, ya tsaya a ƙofar shago gaban mutane ya ce, "Wallahi ba zan bar bakin ragar nan ba sai ranar da Zongo ta ci Jugu." Ragar ma a baki take, sanduna uku ne kawai.

Na bi ta wajen matar liman, na samo labarin cewa rantsuwa tana da kaffara. Na kawo masa albishir da murnata. Ya dube ni ya ce, "Azumi zai wanke rantsuwa, amma zai wanke dariyar 'yan'uwanki?"

Shi ke nan. Hanya ɗaya ta rage: a ci Jugu. Ki lura da kyau, garinmu nake shirin kayarwa saboda yatsa. Mace mai hankali ba ta ɓata lokaci tana jin kunyar wannan.

Mataki na biyu: Ki gano ta inda ƙwallon ke shiga

Kada ki tambayi maza. Na tambaya. Ɗaya ya ce arbit ne, wato alƙalin wasa. Ɗaya ya ce mutanen Jugu na binne laya a tsakiyar fili. Idrisu, kapiten ɗinmu, ya ce takalma ne, ko da yake rabin 'yan Jugu ba takalmi suke bugawa.

Tani ce ta gano, da tambayarta ta allura.

Baba Labbo ƙanin mahaifina ne, autan kakana. Maigidana ya girme shi nesa ba kusa ba, amma ranar ɗaurin aurena a sahun iyaye ya zauna, ko gemu bai yi ba. Suruki ne cikakke. Shi ne kuma mai ci wa Jugu ƙwallo.

To ki faɗa min, wane ɗan mutunci ne zai tsaya ƙerere, ƙafafu a buɗe, ido cikin ido da surukinsa? In wani ne ya bugo, maigida kan yi tsalle kamar kyanwa ya faɗa kan tsakuwa, a nan yatsun ke tafiya. In Baba Labbo ne, gwiwoyinsa da kansu suke naɗewa.

"Baba, barka da ƙoƙari."

"Yauwa Ashafa, ya iyali?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla." Sai ya ɗaga ta ta saman kansa.

Da na buɗe ido sai na ga ba shi kaɗai ba ne. Tun zamanin da kakanninmu ke fatauci da jakuna zuwa Gwanja, gidajen Jugu da na Zongon Paraku suke auratayya. Amma tun da jirgin ƙasa ya tsaya a Paraku, 'yan matan Jugu ne ke gangarowa. Jugu ke ba da mata, Zongo ke karɓa. Saboda haka a fili Zongo ce ke durƙusawa. Mai tsaron bayanmu na dama yayan matarsa yake tarewa, kuma tarewar tasa ita ce ya matsa gefe ya ce, "Bismilla, Yaya."

Ekip ɗinmu ba ta da ciwon ƙafa. Tarbiyya ce ta yi mata yawa.

Mataki na uku: Kada ki dubi ƙafa, ki dubi dangi

A nan duk masu haɗa ekip suke ɓacewa. Suna neman mai gudu, mai ƙarfi, mai iya yanka. Ke ki nemi tsohuwa.

Tawa ita ce Iya Azumi, mai ƙosai a bakin gar, tashar jirgin ƙasa. Duk wanda ya sauka daga jirgi ko ya hau kamiyo, babbar motar Jugu, ta gabanta yake bi, kuma babu auren da aka ɗaura tsakanin garuruwan nan biyu da ba ta ci goronsa ba. Na same ta da hantsi, ciniki ya lafa, na zuba goro a faifai: ja na Jugu, fari namu.

"Iya, wannan jan shi ne Mamuda, mai tsaron gidansu. Wa zan sa a gabansa?"

"Wa kuke sawa da?"

"Mahamadu. An ce duk Paraku babu mai ƙafarsa."

"Mahamadu ɗan gidan masu gishiri? Ai ƙanwar Mamudan yake nema. Lahadin da ta wuce ma da turmin atamfa ya hau kamiyo."

Sai na tuna: bara sau biyu Mahamadu yana kaiwa gaban Mamuda shi kaɗai, ya buga ta sama, har ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri. Ki riƙe wannan: mai aure yana jin kunyar surukai, amma mai neman aure bawansu ne. Ki fitar da shi ko da ƙafarsa ta zinariya ce.

"To wa zan sa, Iya?"

Ta ɗauki wani farin goro mai ƙwari a gefe. "Awalu, mai dako a nan gar."

"Iya, Awalu fa ƙafafunsa biyu duk na hagu ne."

"Uwarsa da uban Mamuda ciki ɗaya suka fito. Taubasai ne. Tun suna yara Mamuda ya tura shi cikin kwatami ranar Salla da sabuwar riga. Har yau in ya zo sayen ƙosai sai ya ba ni labarin."

Ga ilimin gaba ɗaya, kyauta na ba ki. Taubashi ba ya jin kunyar taubashi. Zai taka shi, ya zage shi, ya ja masa wando, a tashi ana dariya, ba mai kai ƙara gida. Ki sa taubashi gaban taubashi. Inda babu, ki sa gwauron da ba ya neman kowa. Inda babu gwauro, ki sa baƙon da bai san kowa ba. Mu wani yaro muka samu daga Partago da ya zo koyon gyaran keke, ko gaisuwar kirki bai iya ba, Allah ya yi masa albarka.

Muna cikin jeri na ga fararen sun ragu. Iya tana tauna.

"Iya, kin cinye mana ɗan baya."

"Wannan? Surukansa uku ne a cikinsu. Ba shi da amfani."

Saura jan goro ɗaya, babba, ba mu sami wanda za mu sa gabansa ba. Na ce, "Baba Labbo fa?"

Ta ja tsaki. "Mijin Rabi'ata? Shi kaɗai ne ɗan Jugu da ya gangaro ya ɗauki mata a nan. Tun da ya aure ta ban san launin idonsa ba. In ya hango ni sai ya zagaya ta bayan jirgi."

Na yi dariya, na tattara gorona, na tafi gida ina baƙin cikin ba mu sami maganin Baba Labbo ba. Sai da aka kwana biyu, ina tsakiyar yi wa jariri wanka, maganar ta faɗo min. Na saki soso na ce, "La ila!" Yaron ya tsorata ya fasa kuka. In ke mai saurin ganewa ce, kin riga ni.

Mataki na huɗu: Kada ki ba maza shawara, ki wanke musu riga

In kika je kika ce wa kapiten ya cire Mahamadu ya sa Awalu, za a ba da labarinki a kowace majalisa har ki tsufa. Kada ki ce komai.

Rigunan wasa, mayo suke ce musu, maigida ne ya ɗinka, ni ke wankewa. A wasan biki kuwa manyan gari na zuwa kallo, arbit ba ya barin kowa ya shiga fili ba mayo. Ashe duk shekarun nan ekip ɗin a kan igiyar shanyata take, ban sani ba.

Da safen wasa Idrisu ya yi sallama a zaure. Na aika Tani da riguna a ninke, kowace na faɗa mata mai ita.

"Matar tela! Ina ta Mahamadu?"

Na amsa daga bayan labule, "Ba ta bushe ba, kapiten."

"Tun shekaranjiya?"

"Damina ce."

"To wannan mai lamba tara fa? Ai ita ce tasa."

"Ruwa ya buɗa ta. Yanzu sai mai ƙirji irin na Awalu."

Ya ɗaga rigar. Na ƙara mata ƙyalle a kowane gefe, mutum biyu irin Mahamadu za su shiga su yi hira. Ta ɗan baya kuma ta tsuke, sai yaron Partago. Idrisu ya juya wannan, ya juya waccan, sannan ya ce, "Dama ina tunanin in gwada sababbin jini bana."

"Allah ya ƙara basira, kapiten."

Har yau yana ba da labarin yadda tunanin ya zo masa. Ki bar masa. Ke yatsu kike nema.

Mataki na biyar: Ki cika wa baƙi ciki

Wannan mataki nawa ne ni kaɗai, Iya ba ta da hannu a ciki, kuma za ki gane hakan.

Na ce a raina, 'yan Jugu 'yan'uwana ne, in suka sauka dole su ci abincin 'yar'uwarsu. Sabuwar doya ta fito. Na tara matan gida muka kirɓa sakwara tun safe, har tafin hannuna ya yi kanta. Na yi miyar kuɓewa mai nama. Nufina su ci su yi nauyi, su shiga fili kamar buhuna.

Abin da na manta, ni da aka haifa a can, shi ne ɗan Jugu da sakwara aka yaye shi. Suka share akussan, suka sha ruwa, suka miƙe suna tsalle a ƙofar gida. Baba Labbo har ya leƙo ya ce, "'Yata, Allah ya yi albarka. Yau ji nake kamar in buga da mutum ashirin."

Namu kuwa, da yake mai masauki ba ya barin baƙo ya ci shi kaɗai, suka zauna suka taya su. Awalu ya ci rabon mutum uku, aka tashe shi daga barci a gindin mangwaro.

Na bar matakin a nan don ki san inda za ki tsallake.

Mataki na shida: Ki kawo ta goma sha biyu

Doka ta ce mutum goma sha ɗaya a cikin fili. Ba ta ce komai ba a kan wanda ke soya ƙosai a bayan raga.

Iya Azumi ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Ciniki zai fi na gar. Kuma ina so in ga abin nan da yake yi da ya hana shi kawo min Rabi'a in gani." Sharaɗinta ɗaya: ni zan ɗauki itace, ni zan yi suya. Na nemi izni wurin maigida cewa zan taya tsohuwa aiki, ya yaba min da tausayi.

Muka kafa murhu daidai bayan sandunansa. Aka busa. Baba Labbo ya karɓi ƙwallo, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya ɗago kai don ya duba raga, sai ya ga kallabin surukarsa. Ya yi kwana kamar wanda ya taka garwashi, ya mayar da ƙwallon baya. Daga nan bai ƙara ƙetare tsakiyar fili ba. 'Yan Jugu na ta ihu, "Labbo, gaba! Gaba ake ci!" shi kuwa ya zama ɗan baya da ƙarfi da yaji.

A ɗaya gefen taubasai sun haɗu.

"Kai bawana, matsa ubangidanka zai wuce!" in ji Awalu.

"Wa ya saka wa buhu riga?" in ji Mamuda. "Kwatamin na nan ina aje maka!"

Aka bugo kwana. Awalu bai ko ga ƙwallon ba, Mamuda yake kallo. Ta daki tumbinsa, ya rungumi taubashinsa, su uku suka faɗa tsakanin sanduna: shi da Mamuda da ƙwallo. Arbit, wani mushen lakwal, wato malami, ɗan Kudu, ya duba, ya sake dubawa, ya nuna tsakiya. Zongo ɗaya, Jugu babu. In an yi min adalci, sakwarar ma ta taimaka.

Ina tsaye da matsami a hannu ina jin kaina kamar gwamna, sai aka yi hutu, aka dawo, na ga maigida ya ɗauki hularsa ya nufi wancan ƙarshen filin.

Na ce wa wani yaro, "Ina za shi?"

"Ai an juya, Inna. Kullum ana juyawa."

Shekara da shekaru ina wanke mayo, ba wanda ya taɓa gaya min ana juyawa.

Mataki na bakwai: Ki iya gudu da tafasasshen mai

Ki lissafa abin da ke gabanki: kasko cike da mai yana tafasa, ƙullu a ƙwarya, itace mai wuta, jariri a baya, Tani riƙe da zani, da tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ba ta wuce mutum ba ta gaishe shi ba. Filin kuma ta gefe za ki zagaya, cikin taro.

"Iya, don Allah mu yi sauri."

"Bari in gaida Mariama, an ce ɗanta ya yi kaciya."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san Baba Labbo ya duba bayan raga ya ga fili fetal, ya dawo da ƙarfin sakwarata. Sauran 'yan Jugu ma suka taso. Ina hango maigida ta tsakanin kawunan mutane yana tashi sama yana faɗuwa, kowane faɗuwa ina ƙirga kakin da ba za a ɗinka ba. Ya tare ta wannan, ya tare ta wancan. Sai Baba Labbo ya kutso, yaron Partago da bai san ko wane ne ba ya kwashe masa ƙafafu gaba ɗaya.

Usur. Penalti.

Na dire kaskon, na bar wa wata mata ƙullun, na kama hannun Iya. Ba zan ce na ja ta ba, tunda uwa ce. Na dai taimaka mata ta yi saurin da ba ta yi ba tun tana budurwa.

Muka iso an aje ƙwallo. Maigida tuni ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, sannu da faɗuwa."

"Yauwa Ashafa." Ya ja da baya zai taho.

Iya ta dafa sanda tana haki, ta leƙa ta saman kan maigida.

"Labbo? Kai ne haka da ɗan guntun wando, cinyoyi a waje?"

'Yar'uwa, na ga mutum ya narke. Baba Labbo ya zube a inda yake, yana jan mayo yana son ya rufe gwiwoyinsa.

"Ina wuni, Iya."

"Lafiya lau. Ya Rabi'a?"

"Tana lafiya, Iya."

"Ya ƙafar yarinyar?"

"Da sauƙi, Iya."

Mai bugu a durƙushe, mai tsaro a durƙushe, kowa na duban ƙasa. Tani ta ce da ƙarfi, "Inna, Kaka ma ya zo taya shi nema!" Arbit ya busa, ya sake busawa, ya buga ƙafa, yana ihu da Faransanci cewa a buga. "Mais tirez, monsieur! Tirez!"

Ya zai yi? Ya miƙe tsaye gaban surukarsa ya ɗaga ƙafa ya harba mata doya a fuska? Daga durƙushen ya matsa, ya tura ƙwallon da gefen ƙafa kamar mai miƙa wa babba buta. Ta gangara a hankali, ta tsallake wata 'yar tsakuwa, ta zo ta tsaya a gwiwar maigida.

Ya sa hannu biyu ya ɗauka. "Na gode, Baba."

Iya ba ta ƙara motsawa daga wurin ba har aka tashi. Ɗaya da babu.

Mataki na takwas: Ki ɓoye hannun

Na ruga na duba tun kafin ya fita daga fili. Goma. A miƙe. Ƙurjewa kawai. Rantsuwa ta sauka, kaki zai ɗinku. Na ce alhamdu lillahi, na koma neman kaskon Iya.

Ina juya baya Zongo ta iso.

Kowa sai ya yi musabaha da mutumin da ya tare penaltin Labbo. Liman ya yi, a hankali. 'Yan goro suka yi. Masu dakon gar suka yi. Mahauta suka zo a jere, kowanne ya kama hannun da nasa biyu yana girgizawa kamar mai jan guga. Daga ƙarshe Awalu ya iso yana kuka, ya damƙi hannun ya ce, "Tela, yau na fita daga kwatami!"

Daga inda nake na ji ƙarar.

Babban yatsan dama. Wanda ke riƙe almakashi. Duk wasan ranar ƙwallo ba ta taɓa shi ba.

Kakin shekarar ni na ɗinka, maigida na zaune gefe da hannu a naɗe yana cewa, "Ba haka ba." In kin ga wani ɗan lakwal a Paraku a shekarar da ƙafar wando ɗaya ta fi ɗaya tsawo, aikina ne, kuma na gode wa iyayensa. Doyar da Baba Labbo kan aiko min daga gonarsa ta Kolokonde ba ta zo ba. Saƙo ne ya zo, cewa yana gaida 'yarsa mai ƙosai.

Maigida ya cika alkawari, ya bar raga. Yatsan ya warke, ya ɗan karkace, yana aiki. Da shi yake nuna wa masu kawo ɗinki yadda ya karanci ƙafar Baba Labbo, ya gane ƙasa zai buga, shi ya sa ya durƙusa tun da wuri. Ina jinsa daga tsakar gida. Ban taɓa gyara masa ba.

Wata rana ina kan keke, zare ya sarƙe min, Tani ta zo ta tsaya.

"Inna, Baba ya samu allurar?"

"Ya samu."

"To don me ke ce ke ɗinkin?"

Na ce ta je ta duba ko ƙaninta ya tashi.

Yanzu ki saurare ni da kyau. Na yi miki alkawarin ci, kuma za ki ci. Amma in baffanki ya daina aiko doya, in mahauta suka gurɗe wa mijinki hannu, in tsohuwarki ta ce gwiwarta ba ta koma daidai ba tun ranar kuma ke za ki riƙa yi mata suya duk Juma'a, babu ruwan Tasalla, kada ki aiko min da kowa. Kuma ki sani matan Jugu ba barci suke ba. Da shekara ta zagayo kamiyo biyu suka zo da shi, ɗaya na 'yan wasa, ɗaya na tsofaffi, kowace da kujerarta, suka jeru a bayan ragarsu. Rabin Zongo a durƙushe suka yi wasan.

Saboda haka ki yi sau ɗaya, ki cire mijinki, ki fita. Kuma tun kafin a busa tashi ki tsaya kusa da shi da tsumma a hannu. Ana busawa ki naɗe masa hannun dama har gwiwar hannu, ki ce wa duk wanda ya miƙo nasa ya karye. In kika tsaya neman kasko, ki fara koyon taka keke tun yau.